Daga "Na Ba Ka Gari" Zuwa Gurbi Biyar: Tarihin Wasan Cankar Kalma



In kana cikin masu buɗe waya da safe su canki kalmar ranar, ko masu jiran ƙarshen mako su cike guraben kalmomi a jarida, wataƙila ka ɗauka wannan abin Turawa ne da intanet ta kawo mana. Siffar da ka sani tasu ce, ba musu. Amma wasan kansa, wato a ɓoye kalma a ce ka nemo ta, ya daɗe a ƙasar Hausa, kuma ya yi wa harshen nan wani aiki da ba kowa ke lura da shi ba. Idan wani abu ya bar gidajenmu, sunansa ba ya mutuwa nan take, yakan laɓe a cikin wasa ya ƙara shekaru. Wannan maɓoyar ce nake son mu bi tarihinta, don a yankinmu ta fara rushewa.

Mu fara daga dandali. Bayan an ci tuwon dare, musamman in akwai farin wata, yara kan taru a waje ko su kewaye wata tsohuwa a tsakar gida. Kafin a shiga tatsuniya sai a wasa ƙwaƙwalwa da kacici-kacici. Wani ya jefo "ƙulin-ƙulifita", a ce masa gauta. Wata ta ce "Baba na ɗaka, gemu na waje", a ce wuta da hayaƙi. In ka yi ta canka ka kasa, sai ka ce "na ba ka gari". Ka ambaci Kano ko Katsina ko Zariya, mai tambaya ya karɓe, sannan ya warware maka. Ka lura da hikimar wannan doka: ba a tashi ba a faɗi amsa ba. Wanda ya kasa ya yi asarar garin da dama ba nasa ba ne, amma ya koma gida da kalma.

To waɗanne irin kalmomi ne? Ɗauki "tsumangiyar kan hanya, fyaɗe yaro fyaɗe babba", wato yunwa. Yaron yau bulala ya sani, ko dorina. Tsumangiya, wannan siririn reshen da ake fyaɗa wa jaki ko yaro mai ƙiriniya, da yawa a cikin wannan kacici-kacicin suka fara jin ta. Haka "rawanin Baba ya faskara naɗuwa", wato hanya. A hirar yau da kullum gagara ta fi yawa a bakin mutane, amma faskara ta samu wurin zama a nan. Wanda ya fi burge ni shi ne "shirim ba ci ba". Amsar ita ce baba. Ba mahaifi ba, baban rini, ganyen da ake haɗa shuni da shi. Ga shi kore shar a gona, amma ba ya shiga tukunyar miya. Yaron da ya ba da gari a kan wannan dole ya tambaya, "wane baba kuma?" Daga nan sai a kai shi marina da baki, a faɗa masa karofi, a faɗa masa shuni da mabuga. Jimla guda mai kalma huɗu ta jawo sana'a sukutum.

Malaman zaure ma suna da nasu, sai dai nasu na masu alƙalami ne. A waƙoƙin ajami na ƙarni na 19, irin na su Nana Asma'u (1793 zuwa 1864), marubuci kan ɓoye shekarar da ya gama waƙa a cikin wata kalma a baitocin ƙarshe. Wannan shi ne ramzi. Kowane baƙi yana da adadinsa. A lissafin Magariba, wanda malamanmu suka bi, shinun 1000 ne, ra 200, kaf 20, dal 4. In ka ga kalmar da aka gina da waɗannan baƙaƙen huɗu, ka tara, ka samu 1224 ta Hijira, wato 1809. Wanda ya yi karatu da lissafin Gabas kuwa zai sha ƙasa, don a can shinun 300 ne. Su kuma samari da 'yan mata suna da zaurance, inda ake juya gaɓoɓi ko a cusa wata gaɓa a tsakani, Hausa ta koma "sahau", mai sauraro ya yi ta warwara a ka. Duk wanda ya iya zaurance ya san iyakar gaɓa tun kafin a koya masa BW da BWB a aji.

Da Turawa suka zo, sai suka shiga tattara waɗannan abubuwa a takarda. Merrick ya buga littafinsa na karin magana a 1905, ya sa kacici-kacici a ciki. Fletcher ya biyo baya a 1912, Tremearne a 1913. Mafi girma shi ne na Frank Edgar, Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, kundi uku da aka buga a Belfast tsakanin 1911 da 1913, wanda malamai suka rubuta mafi yawansa da ajami aka juya zuwa boko. An yi aiki, kuma ba don shi ba da abubuwa da yawa sun tafi. Amma kacici-kacici a takarda, ga tambaya ga amsa a gefenta, kamar kifi ne da aka yi wa banda. Ba zai ruɓe ba, amma ya gama iyo. Ba mai ba ka gari, ba mai tambayar "wane baba kuma?"

A daidai shekarar da Edgar ya gama, can a Amurka wani abu ya faru. Ranar Lahadi, 21 ga Disamba 1913, jaridar New York World ta buga wani zane mai gurabe, aka ce mai karatu ya cike su da kalmomi a kwance da a tsaye bisa 'yan bayanan da aka ba shi. Wani ɗan jarida haifaffen Libaful mai suna Arthur Wynne ne ya tsara shi. Wasan mako-mako ne, kuma ya karɓu har manyan jaridun da suka raina shi da farko suka sauko. Jaridar The Times ta Landan ta fara nata a 1930. New York Times ta fara a 1942, ran Lahadi kaɗai, sai a 1950 ta mayar da shi na kullum. Bambancin wannan da na dandali guda ne, amma babba: a dandali kunne ke aiki, a nan kuwa ido ne. Dole ka san harafi nawa ne a kalma, ka san wanne ke bin wanne.

Irin wannan wasan ba ya yiwuwa sai harshe yana da abu biyu, wato daidaitacciyar ƙa'idar rubutu da ƙamus da za a koma gare shi in gardama ta tashi. A 1913 Hausar boko ba ta gama samun ko ɗaya ba. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawar Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912, amma ɓ da ɗ da ƙ masu ƙugiya da muke rubutawa yau sai a shekarun 1930 suka zauna, zamanin Rupert East da Hukumar Talifi a Zariya, dab da fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939. Ta ɓangaren ƙamus kuwa, an yi na Schön a 1876 da na Robinson a ƙarshen ƙarnin, amma gagarabadau shi ne na G. P. Bargery, wanda ya fito a 1934 bayan fiye da shekara goma ana aikinsa. Kalmomi wajen 39,000 ne a ciki, shafi sama da dubu, kuma in kalma ta Katsina ce ko ta Sakkwato yakan sa alama ya nuna. Yau yana intanet kyauta. Ka buɗe shi wata rana ka karanta shafi ɗaya kacal, ka ƙirga kalmomin da ba ka taɓa ji ba. Kai da kake ganin a Hausa aka haife ka, sai jikinka ya yi sanyi. Ƙamus na Hausa zalla, wanda ke bayanin Hausa da Hausa, sai a 2006 Jami'ar Bayero ta fitar da nata.

Ana cikin haka ita kanta kalmar kacici-kacici ta sake riga. Da makarantu da gidajen rediyo suka ɗauke ta, sai ta koma sunan gasar tambaya da amsa. Yau in ka ce wa ɗalibi za a yi kacici-kacici, abin da zai zo masa shi ne a tambaye shi babban birnin wata jiha ko shekarar samun 'yancin kai. Ba laifi ba ne, harshe haka yake tafiya. Sai dai a wannan sabuwar ma'anar an jefar da abin da ya sa na da ke koyar da kalma, wato siffanta abu a karkace har sai ka duba shi ta wata fuska.

Dandali kuma ya yi ta ja da baya. Rediyo da talabijin suka fara gutsurarsa, finafinan Hausa suka ƙara daga 1990, wayar hannu ta zo a 2001. A sauran wurare ke nan. A nan yankin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa akwai abin da ya fi waɗannan duka, kuma kai ma ka sani. Tun da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020, duniya ta ji abin da mutanen ƙauyukanmu suka daɗe suna ciki. Wace uwa ce za ta bar ɗanta a waje bayan isha'i don farin wata? Tsohuwar da ke da kacici-kacici ɗari a ka, in ta yi gudun hijira zuwa Funtuwa ta raɓe a ɗakin haya, ba ta da rumbu ko turke ko gonar baba da za ta nuna ta ce ga abin da ake nufi. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, a Satumba kuma aka katse layukan waya.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne, a daidai watannin da Sheme ba ta da sabis ne wasan da ya mamaye duniya ya fito. A Oktoban 2021 wani mai tsara manhaja ɗan yankin Wales da ke zaune a New York, Josh Wardle, ya saki wasan da ya kira Wordle. Dokarsa ba ta da yawa. Kalma ɗaya ce a rana, kowa a duniya ita yake nema, haruffa biyar, damar canka shida. In harafi yana daidai gurbinsa sai ya yi kore, in yana cikin kalmar amma ba nan ne wurinsa ba sai ya yi ɗorawa, in babu shi sai ya yi toka-toka. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 mutum 90 ne suka buga. Farkon Janairun 2022 sun haura 300,000, kafin watan ya ƙare New York Times ta saye shi. Daga nan aka yi ta kwaikwayonsa a harsuna barkatai.

Abu biyu a tarihin Wordle sun shafe mu. Na farko, a lokacin da wasan ya fito, kalmomin Turanci masu haruffa biyar wajen 13,000 ne yake karɓa in ka rubuta, amma waɗanda za su iya zama amsa an tace su zuwa kimanin 2,300. Abokiyar zaman Wardle ce ta zauna ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ware waɗanda ta sani. Ka ga ke nan sanin mutum guda ne ya zama ma'aunin abin da miliyoyi za su nema. Na biyu, ranar 5 ga Mayu 2022 amsar ta zama homer, kalmar wasan besbol ta Amurkawa. Mutanen Ingila da yawa ba su san ta ba, suka fusata, suka ruga ƙamus. A rana guda an nemi ma'anarta sama da sau 65,000 a ƙamus ɗin Cambridge, har suka zaɓe ta kalmar shekara. Wannan ai "na ba ka gari" ne, sai dai ƙamus ne ya karɓi garin.

Yanzu a ce kai ne za ka tsara irinsa da Hausa. Tun a gurbin farko za ka ci karo da baƙaƙe masu goyo. Shara, tsaba, gwado, ƙwaro, kowace haruffa biyar ce a ido, amma sauti huɗu ne a baki. In ka raba sh gurbi biyu, mai wasa zai ga s ta yi launi ya tafi neman irin s ta sara, alhali babu ita a kalmar. Ni a ganina sh da ts da 'y da kw da gw da ƙw da ky da gy da ƙy da fy kowanne gurbi ɗaya ya kamata ya ci, kamar yadda muke koyar da su a aji. In an yi haka shinge ta shiga sahun masu gurbi biyar, shara ta fita. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun riga mu a guda ɗaya, don a ƙa'idar Nijar 'y harafi guda ne mai ƙugiya, ƴ.

Ƙugiya kuwa ba ta cikin abin da za a yi ciniki a kai. Karya daban, ƙarya daban. Daura daban, ɗaura daban. Sanda daban, sanɗa daban. Wasan da zai karɓi k a madadin ƙ don sauƙaƙa wa masu waya, gara ba a yi shi ba, don kullum da safe zai riƙa koya wa dubban mutane kuskure.

Sai yanayin kalmar Hausa ita kanta. Kusan kowace kalma da wasali take ƙarewa, in ka cire irin su malam da mutum da 'yan aro da amsa-kama kamar ƙirin. Gurbin ƙarshe ke nan kusan kyauta ne. Wahalar tana gaba. A ce ka samu a, n, d, a duk sun yi kore, saura harafin farko. Sanda ce? Randa? Tanda, ganda, banda, wanda, danda, ko manda? Takwas ke nan, kai kuma damarka shida ce tun asali. Amma dubi ribar da ke cikin wannan tarkon. Wanda ya faɗi a kan manda zai je ya gano baƙin gishiri ne da ake sa wa a magani. Wanda ya faɗi a kan danda zai gano sunan launin doki ne, kuma in ya ci gaba da tono zai tarar da 'yan uwanta, su akawal, wato baƙin doki, da kili da bidi da hurde da gunya. Bahaushen da ya ce maka "wani doki mai ruwan kaza" bai san kakansa na da kalma guda ga kowanne ba.

Karin sauti da tsawon wasali ba sa fitowa a rubutunmu na yau da kullum, don haka gurabe ba za su raba gari na zama da gari na tuwo ba, ko baba mahaifi da baba na rini. Wannan bai ɓata wasan ba. Abin da yake nufi kawai shi ne, in an bayyana amsa, a biyo ta da ma'ana da jimla guda, in ba haka ba an koyar da rubutu an bar kalma.

Wanda zai fi tayar da ƙura shi ne karin harshe. Mu nan zamna muke ji a bakin iyayenmu, littafi kuma zauna ya sani, kuma dukansu haruffa biyar ne. Haka amre da aure, abduga da auduga. Masana tarihin harshe sun nuna cewa siffar da ke da m da b ita ce ta fi tsufa, a Kananci ne suka narke suka koma u. In mai tsara wasa ya sa manhajarsa ta ce wa Bakatsine zamna ba kalma ba ce, ya ce masa kakarsa ba ta iya Hausa ba. Mafita ita ce irin ta Wordle, jeri biyu. Babban jeri ya karɓi duk abin da Bahaushe ke faɗi daga Agadas zuwa Zangon Kumasi, ƙaramin jerin amsoshi ya tsaya kan daidaitacciyar Hausa, a riƙa tsarma na kare-kare jefi-jefi tare da bayani.

Shi wannan ƙaramin jerin shi ne wurin da za a yi hattara. In aka bar shi a hannun wanda Hausarsa ta tsaya a hirar waya da labaran rediyo, amsoshin ba za su wuce su kullum da mutum da aikin ofis ba, kuma kalmomin da dandali ya riƙe ba za su samu gurbi ba. Yankin Funtuwa ƙasar auduga ce tun kafin jirgin ƙasa ya ratsa ta zuwa Ƙauran Namoda a 1929. Amma tambayi ɗan aji uku na babbar sakandare mece ce gurya, mece ce abawa, me ake yi da mazari da taskira. Gurya ƙwayar auduga ce, abawa zare mai kauri, kuma duka biyun haruffa biyar ne cif. Haka taiki, buhun fata da ake ɗora wa jaki, da salka ta ɗiban ruwa, da binne, shukar da ake yi kafin ruwa ya sauka. Waɗannan Bargery ya riga ya adana su, amma adanawa irin ta banda. Masu faɗinsu da baki suna nan da rai a Sheme da Daudawa da 'Yankara, da yawansu sun haura sittin, kuma ba su da waya mai shafawa. Wanda zai tsara jerin dole ya ɗauki biro da takarda ya je ya zamna da su.

Ga guda kafin mu rabu. Haruffa biyar ce, harafi ɗaya ne ya raba ta da tanda. Da fata ake yin ta, kakanninmu mata na zuba mai ko kwalli a ciki. Wanda ya kasa ya ba ni gari, amma ban karɓar ƙauye, daga Malumfashi zuwa sama.